Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa ta Madina: Abin da Na Gani a Anbariyya

Duk wanda ya taɓa shiga motar ziyara a Madina ya san wuraren da ake kai mutane kusan a haddace: Masallacin Ƙuba, Dutsen Uhudu da maƙabartar shahidai, Masallacin Alƙibla Biyu, wajen da aka yi Yaƙin Gwalalo, daga nan a biya wurin masu dabino, a dawo masauki kafin azahar. A irin wannan zagaye ne motarmu ta ratsa unguwar Anbariyya, na hango wani dogon gini na baƙin dutse mai jerin ƙofofi masu baka, wanda bai yi kama da ko ɗaya daga cikin benayen da suka kewaye shi ba. Na tambayi direbanmu ko mene ne wannan, ya amsa mini ba tare da ya rage gudu ba, ya ce, "Tashar Turkawa ce, Alhaji, tsofaffin ƙarafa ne kawai a ciki." Amsar ba ta kwanta mini ba, domin ginin da aka ƙawata haka ba a gina shi don ajiye ƙarafa ba, saboda haka bayan kwana biyu, da aka idar da sallar la'asar, na fito daga Harami na nufi kudu maso yamma da ƙafa. Tafiyar ba ta wuce ta kilomita ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma mai lafiyar ƙafa zai yi ta cikin minti ashirin.

Wannan gini shi ne tashar ƙarshe ta layin dogon Hijaz, wanda ya taso daga Dimashƙu ya ƙare a Madina, kuma tun shekarar 2006 aka mayar da harabarsa gidan tarihi. Hukuncina a kansa shi ne cewa ya cancanci a ba shi awa biyu cikakku daga kwanakin da mutum zai yi a birnin, amma da sharaɗi guda: ya je da labarin wurin a ƙirjinsa. Wanda ya shiga ba tare da sanin abin da ya faru a nan ba zai iya fitowa yana gaskata direbanmu, alhali kuwa kowane ƙarfe da ke cikin harabar yana da alaƙa da wahalar da mahajjata suka sha shekaru aru-aru, da kuma ƙoƙarin da aka yi na rage musu ita.

Kafin zuwan jirgi, ayarin mahajjatan Sham yakan shafe kwana arba'in ko kusa da haka tsakanin Dimashƙu da Madina, a kan raƙuma, ana sauka daga wannan rijiya zuwa waccan, kuma rijiyoyin ba kullum ake samun su da ruwa ba. Ƙishirwa tana kashe mutane, annobar kwalara tana kashewa, sannan hukumar Daular Usmaniyya ta Turkiyya takan biya ƙabilun da ke kan hanya kuɗi kowace shekara domin su bar ayari ya wuce lafiya. Sarkin wannan daula, Abdulhamid na Biyu, shi ne ya ɗauki niyyar shimfiɗa layin dogo a kan wannan hanya, kuma babban mai ba shi ƙwarin gwiwa a fada shi ne sakatarensa Ahmad Izzat Pasha al-Abid, mutumin Dimashƙu. An fara aiki a ranar 1 ga Satumba, 1900, ranar da ta dace da bikin shigarsa shekara ta ashirin da biyar a kan gadon sarauta. Ba zan ɓoye ba cewa niyyar Sarkin ba ta ibada ce kaɗai ba, domin layin da zai kai alhaji Madina cikin sauri zai kai soja ma cikin sauri, kuma Santambul, babban birnin daular, tana son ta ƙarfafa riƙonta a kan Hijaz da Yaman a daidai lokacin da Turawan Ingila suke riƙe da Masar da mashigin Suwes. Dalilan biyu sun tafi tare tun daga farko, kuma wanda ya ambaci ɗaya ya bar ɗaya bai yi wa tarihin adalci ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a labarin shi ne yadda aka samo kuɗin. A wancan zamani kusan duk layukan dogo na daular kamfanonin Turai ne suka gina su da jarinsu, su ne kuma suke cin ribarsu, amma wannan layi an ƙudurta cewa ba za a ci bashin waje a kansa ba, zai zama waƙafi na Musulmi. Sarkin ya buɗe asusun da gudummawarsa, aka riƙa yankar wani abu daga albashin ma'aikatan gwamnati, aka sanya harajin kan sarki na musamman, aka tattara fatun dabbobin layya aka sayar, aka kuma buga lambobin yabo ana ba waɗanda suka bayar da yawa. Gudummawa ta zo har daga Musulmin Indiya da sauran ƙasashen da ba sa ƙarƙashin daular. Gaskiya ne cewa haraji da abin da aka yanka daga albashi sun fi sadakar son rai yawa, amma duk da haka akwai kuɗin talakawa masu yawa a cikin wannan baƙin dutse, mutanen da suka bayar suna sane da cewa su da kansu ba za su taɓa hawa jirgin ba. Na tuna da wannan a lokacin da na ɗora tafin hannuna a kan bangon tashar, na ji dutsen yana riƙe da zafin rana har zuwa yamma, na kuma ga yadda aka sassaƙa kowane guda aka daidaita shi da ɗan'uwansa.

Babban injiniyan aikin Bajamushe ne, Heinrich August Meissner, wanda aka fi sani da Meissner Pasha, amma ƙarfin aikin sojojin daular ne suka yi shi, dubbansu, da diga da shebur, a cikin zafin da ba ya misaltuwa. Layin ya isa Ma'an a 1904, ya isa Tabuka a 1906, ya isa Mada'in Salih da Al-Ula a 1907. Daga Al-Ula zuwa kudu ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya wuce, saboda haka injiniyoyi Musulmi ne suka ƙarasa zangon ƙarshe, aka kuma yi bikin buɗe tashar Madina a ranar 1 ga Satumba, 1908, shekara takwas cif da fara aiki. Tsawon layin ya haura kilomita 1,300, kuma tafiyar da take cin kwana arba'in ta koma ba ta kai mako guda ba. Turkawa suna yawan ba da labarin cewa da aikin ya kusanto Madina an shimfiɗa wani abu mai laushi a ƙarƙashin ƙarafan dogo domin ƙarar jirgi kada ta yi yawa kusa da makwancin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, kuma labarin yana nuna irin ladabin da suke so a tuna su da shi a wannan birni. Abin da ido yake gani shi ne cewa an tsayar da tashar a bakin garin na wancan lokaci, wajen ƙofar Anbariyya, ta yadda mai ziyara zai sauka ya ƙarasa sauran tafiyar da ƙafarsa.

Babban ginin, inda a da fasinjoji suke shiga su fita, yanzu ɗakunan nuni ne na tarihin Madina, kuma a ciki akwai tsofaffin hotuna, da rubuce-rubucen hannu, da tsabar kuɗi na zamunna daban-daban, da tukwane da kayan amfanin gida. Hotunan ne suka fi riƙe ni, domin a cikinsu mutum yana ganin Madina tana da ganuwa da ƙofofi, gidajenta ƙanana, gonakin dabino suna kewaye da ita, Koriyar Ƙubba kuma ita ce abin da ya fi komai tsawo bayan hasumiyoyi. Wanda ya saba da Madinar yau mai otal-otal masu hawa goma sha wani abu zai ɗauki lokaci kafin ya yarda cewa wuri ɗaya ne. Wannan sashe yana da sanyi da natsuwa, ya dace da dattawa da masu ƙananan yara, kuma ba ya buƙatar fiye da minti arba'in sai ga wanda yake karanta kowane allo.

Amma zuciyar wurin tana baya, a filin da layukan dogo suke kwance, da kuma babbar rumfar da ake shigar da kawunan jirage domin gyara. A nan na fi daɗewa. Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar layin kansa, domin faɗin da ke tsakanin ƙarafan biyu mita 1.05 ne kacal, har na tsallake shi da taku ɗaya ba tare da na miƙe ƙafa sosai ba, alhali layukan da aka fi amfani da su a duniya suna kai mita 1.435. An zaɓi ƙaramin faɗi ne domin ya fi araha, ya fi sauƙin lanƙwasawa a tsakanin duwatsu, ya kuma dace da layukan da suka riga suka kasance a Sham. A kan wannan siririn layi ne kawunan jirage masu aiki da tururi suke tsaye, baƙaƙe, wasu an gyara su an yi musu fenti, wasu kuma an kwaso su ne daga tashoshin da ke cikin hamada inda suka shafe shekaru a yashe. Na tsaya kusa da ɗaya ina bin jerin ƙusoshin da suka haɗa tukunyarsa da ido, kowace ƙusa da kanta mai kama da rabin ƙwallo, na leƙa ɗan ɗakin da direba da mai zuba kwal suke tsayawa, wanda bai fi faɗin tabarma biyu ba, na ga ƙofar murhun da ake watsa kwal a ciki. Mutum biyu suna tsaye a gaban wannan wuta, a cikin hamadar Tabuka, da rana tsaka, kwana da kwanaki, domin alhazan da ke bayansu su isa lafiya. Taragun katako ne, tagoginsu ƙanana, kujerunsu ba su da wani taushi, amma ga wanda kakansa ya yi wannan hanya a kan raƙumi, babu shakka sun kasance ni'ima babba.

Ruwa shi ne babbar matsalar wannan layi, kamar yadda ya kasance matsalar ayari, domin injin tururi yana shan ruwa fiye da garken raƙuma. Dole aka haƙa rijiyoyi, aka gina tankuna a tashoshi, aka kuma riƙa jan taragun ruwa zuwa wuraren da babu ko ɗigo. Tashoshin da ke cikin hamada an gina su kamar ƙananan sansanonin soja, da ramukan harbi a bango, saboda ƙabilun da suka rasa kuɗin hayar raƙuma da kuɗin kariya ba su karɓi jirgin hannu bibbiyu ba. A ganina bai dace a yi saurin zarginsu ba, domin abincinsu ne aka taɓa, kuma abin da ya zama sauƙi ga alhaji ya zama yunwa ga mai raƙumi.

Ina cikin rumfar ne na ga wani dattijo Baturke, da ɗan jikansa riƙe da hannunsa, ya matsa kusa da ɗaya daga cikin jiragen ya dafa ƙarfen, ya tsaya shiru leɓɓansa suna motsi. Ban ji abin da yake faɗa ba, amma na fahimci cewa wannan wuri a wajensa ba wajen kallo ba ne kawai, kuma dalilin yana cikin shekarun yaƙi.

Layin bai yi cikakkun shekaru goma yana aiki cikin aminci ba. Tun asali an so a ƙarasa shi zuwa Makka, amma Sharifin Makka Husaini bin Ali da ƙabilun da ke tsakanin biranen biyu ba su so hakan ba, sannan a 1909 aka tuɓe Sarki Abdulhamid, aikin ya rasa mai riƙe shi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kwal ya yi ƙaranci har aka koma ƙona itace a murhun jirage. A 1916 Sharif Husaini ya yi wa daular tawaye da goyon bayan Ingila, layin dogon ya zama abin hari, mayaƙan Larabawa tare da hafsoshin Turai, cikinsu har da T. E. Lawrence, suka riƙa dasa nakiya suna fasa gadoji da ƙarafa. Kwamandan sojojin daular a Madina, Fakhri Pasha, ya dogara da wannan tasha domin duk abin da yake shigowa birnin. Ta nan ne a 1917 ya aika da kayayyaki masu daraja na Masallacin Annabi zuwa Santambul, inda suke ajiye a fadar Topkapi har yau, kuma ta nan ne aka kwashe da yawa daga mazauna Madina aka kai su Sham da wasu wurare yayin da yunwa ta tsananta, abin da mutanen birnin suke kira Safar Barlik, suna kuma tuna shi da baƙin ciki domin iyalai da yawa sun watse ba su sake haɗuwa ba. An rattaba hannu kan tsagaita wuta a ƙarshen Oktoban 1918, amma Fakhri Pasha ya ƙi miƙa birnin sai a Janairun 1919, bayan sojojinsa sun kai ga cin fara don su rayu. Turkawa suna ɗaukarsa gwarzon da ya ƙi barin makwancin Manzon Allah, zuriyar waɗanda aka kwashe kuma suna da nasu abin tunawa, kuma a kan dakali guda duka abubuwan biyu suka faru. Ina ganin mai ziyara ya kamata ya riƙe su biyun a ransa lokacin da yake tsaye a wurin.

Bayan yaƙi an ɗan farfaɗo da zirga-zirga na wani lokaci, amma zuwa tsakiyar shekarun 1920 jirgi ya daina isowa Madina, layin kuma ya rarrabu a tsakanin sababbin ƙasashe. A shekarun 1960 Saudiyya da Jodan da Siriya sun amince su gyara shi, har an fara aiki, sai yaƙin 1967 ya tsayar da komai. Tashar ta zauna a rufe shekaru masu yawa yayin da birnin yake faɗaɗa yana cinye tsofaffin unguwanninsa, kuma idan aka duba yawan gine-ginen zamanin Usmaniyya da suka tafi a faɗaɗa Harami da buɗe tituna, tsirar wannan harabar abin godiya ne ga Allah da kuma waɗanda suka yanke shawarar gyara ta. A 2015 Saudiyya ta sanya layin Hijaz cikin jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Jirgin da ya haɗa Madina da Makka kuwa sai a 2018 ya samu, wato jirgin Haramaini mai gudun da ya kai kilomita 300 a awa, wanda yake cinye kusan kilomita 450 cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka, daga wata sabuwar tasha a wani ɓangare na birnin. Wanda ya zo Madina a cikinsa sannan ya ziyarci Anbariyya zai ga zangon da aka kasa ginawa a 1908 da idonsa, shekara ɗari da goma bayan haka.

Akwai masallatai biyu da suke ƙara wa ziyarar nauyi. Na farko shi ne Masallacin Anbariyya da ke daura da tashar, wanda aka gina a zamanin Sarki Abdulhamid tare da ita, da irin baƙin dutsen nan, mai ƙubba guda da siraran hasumiyoyi biyu irin na Santambul. Na biyu ƙarami ne, yana cikin harabar tashar kanta, mai ƙubbobi uku, shi ne Masallacin Suƙya. Malaman tarihin Madina sun ambata cewa a wannan wuri ne Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tsaya ya duba rundunarsa a kan hanyar zuwa Badar a shekara ta biyu bayan Hijira, ya mayar da yaran da shekarunsu ba su kai ba, ya kuma yi wa Madina addu'ar albarka. Wannan kaɗai ya isa ya sa masu shirya ziyara su sanya Anbariyya cikin jerinsu, kuma na yi mamakin yadda motoci da yawa suke wucewa ta gabanta ba sa tsayawa.

Ga mai niyyar zuwa, shawarata ita ce ya zaɓi bayan la'asar, domin rabin abin kallon a fili yake, kuma baƙin dutse da ƙarfe suna tara zafi ƙwarai da rana tsaka. Ya tafi da ruwan sha da takalmin da zai iya taka tsakuwa da shi, ya kuma tambaya a masaukinsa game da ranaku da lokutan buɗewa kafin ya fito, tunda irin waɗannan wurare sukan sauya tsari a lokacin azumi da aikin hajji. Wanda yake tare da dattijo ko mai ciwon ƙafa gara ya ɗauki tasi, domin hanyar tana da manyan tituna da za a tsallaka. Wanda kuma bai iya Larabci ko Turanci ba zai fi amfana idan ya tafi da wanda zai karanta masa allunan, ko ya fara karanta tarihin layin tun a masauki. Yara suna jin daɗin jiragen ƙwarai, kuma na ga iyaye da yawa suna ɗaga 'ya'yansu domin su leƙa cikin taragu.

Ban fita ba sai da inuwar rumfar ta rufe layukan dogo gaba ɗaya. Na sake bi ta gaban babban ginin, na tsaya a ƙarƙashin ɗaya daga cikin ƙofofin masu baka, inda alhajin da ya sauka daga jirgin Dimashƙu zai fara fuskantar birnin da kayansa a hannu, na juya wajen arewa maso gabas. Benaye sun tare abin da shi yake hangowa daga nan, amma kiran sallar magariba daga Harami yana isowa sarai, sai na bi sahun masu sauri na kama hanya.